Ƙafa Kafin Yatsa: Kiɗan Gargajiyar Faransa a Kan Dalsima

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman ƙarshen mako na ɗalibai da ma'aikata Hausawa mazauna Faransa. An rage maimaici, sauran an bar shi yadda ya fito daga bakin mai magana.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, iyayenmu da ke kujerun gaba, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Ita wannan da ke kan cinyata ba ta iya hayaniya ba, sai an yi mata shiru take magana, saboda haka masu waya a taimaka a kashe ƙara.

Tun a bakin ƙofa wani yaro ya tare ni ya ce, "Kawu, bindiga ce a jakar nan?" [dariya] Ba bindiga ba ce. Sunanta dalsima. Ku dube ta: akwatin katako ne siriri, tsawonsa bai cika mita ɗaya ba, ga ƙugu a tsakiya kamar na kalangu. Tsirkiya uku gare ta, na ƙarfe. Ba a rungumar ta kamar jita ko garaya, kwantar da ita ake yi a cinya, fuskarta na kallon sama. Waɗannan ƙarafan da aka gitta a doronta su nake kira matakai. Ku lura tazararsu ba ɗaya ba ce, wani wuri da faɗi, wani wuri a matse. A jita kowane rabin amo yana da matakinsa. A nan an zubar da na tsakani, an bar bakwai, kamar a ce fararen maɓallan piyano ne babu baƙaƙen. Shi ya sa da wuya ɗan koyo ya taka amon da zai sa a toshe kunne, shi ya sa kuma akwai kiɗan da har abada ba za ta iya ɗauka ba.

Haifaffiyar Amurka ce, daga duwatsun Appalachia, tun farkon ƙarni na 19. Jamusawan da suka zauna a Pennsylvania ne suka je da kakarta, wani abin kiɗa da suke kira scheitholt, ma'anar sunan kuwa faskaren itace. Wani malamin kiɗa Bajamushe, Michael Praetorius, ya bayyana shi a rubuce wajen 1619, ya kuma jefa shi cikin tarkacen kayan kiɗan talakawa. A Amurka aka faɗaɗa masa ciki, aka ɗaga masa doro. Mai ƙugun kalangun nan, wani masassaƙi a Kentucky, Ed Thomas, wanda ya rasu a 1933, shi ya yi suna da ita, ya sassaƙa sama da dubu. Sai mawaƙiya Jean Ritchie, 'yar wani ƙauye mai suna Viper a Kentucky ɗin dai, ta tafi da tata New York a ƙarshen shekarun 1940, daga nan duniya ta san da ita.

To, me ya haɗa kifi da kaska? Abin kiɗan mutanen dutse na Amurka, waƙoƙin ƙauyukan Faransa, ga kuma ɗan Damagaram a tsakani. [dariya]

Na ɗan Damagaram ku bar shi, ƙaddara ce. Amma na Faransa akwai dalili. In ka je gabashin ƙasar nan, duwatsun Vosges, wajen Val-d'Ajol da Gérardmer, za ka tarar da 'yar uwarta ta jini, épinette des Vosges. Ta Val-d'Ajol ƙarama ce, ba ta da ƙugu, a kan tebur ake ɗora ta, tsirkiya biyar: biyu na waƙa, uku na rakiya. Da ɗan kara ake danna ta, da gashin dinya ake kaɗa ta, daidai yadda tsofaffin Kentucky ke yi wa tasu. A ƙarni na 19 akwai wata mata, Dorothée Vançon, da ke kaɗa wa baƙin da suka zo wankan ruwan zafi a Plombières, har wurin da take tarbar su yana ɗauke da sunanta zuwa yau. Saboda haka da matasan Faransa suka fara ɗaukar dalsima a shekarun 1970, irin su Marie Yacoub ta ƙungiyar Malicorne da aka kafa a 1973, ba baƙuwa suka shigo da ita ba. 'Yar gida ce ta je ci-rani ta dawo da ƙiba.

Amma dangantakar ta wuce ta katako. Faransawa suna da wata kalma, bourdon. Sunan ƙaton ƙudan zuman nan ne mai gashi, wanda in ya wuce kusa da kunnenka ka ji "vuuuu". Shi ne kuma sunan amon da ke tsaye wuri ɗaya a ƙarƙashin waƙa, ba ya hawa ba ya sauka. Ni amon gindi nake ce masa. Gidan kiɗan gargajiyar da John Wright da Catherine Perrier da abokansu suka buɗe a Paris a 1969, Le Bourdon suka sa masa, kun ga ba a banza ba. Kunnen Bahaushe ya san abin: mai garaya ko mai gurmi yana da tsirkiyar da yake komawa kanta a kai a kai, waƙa na yawo, ita tana tsaron gida.

Mafi yawan kiɗan rawar ƙauyukan Faransa a kan wannan amon aka haife shi, domin kayan da aka haife shi a kansu ba su iya yin shiru ba. Na farko algaita mai salka, wadda ake cika wa jakar fata iska a matse a hammata. Kowane yanki da tasa: cabrette a Auvergne, biniou a Bretagne, boha a Gascogne. Na biyu vielle, ta mutanen Berry da Bourbonnais. Ita goge ce, sai dai maimakon izga a hannu, wani faifan katako ne da aka shafa wa ƙaro yake juyawa a ƙarƙashin tsirkiyoyin, mai kiɗa na murza hannu kamar mai injin taliya. Muddin hannu na juyawa, amon gindi na nan. Har tana da wani ɗan katako sakakke a ƙarƙashin tsirkiya ɗaya, in mai kiɗa ya fizgi hannu sai ya yi "zzat, zzat". Suna ce masa chien, wato kare, saboda haushinsa. Shi ne gangar masu rawa.

Yanzu ku saurara. [ya taɓa babbar tsirkiya sau ɗaya] Ɗaya, biyu, uku, huɗu... ya mutu. Kun ji matsalar tawa gaba ɗaya. Mai salka amon gindinsa kyauta yake samu, ni nawa da na haife shi yake fara mutuwa. Tsofaffi sun magance wannan da gashin tsuntsu: su yi ta sharar tsirkiyoyin duka, gaba da baya, ba tsayawa, sai ƙarar ta haɗe ta zama kamar ta ƙudan zuma. Gaskiya ɗaya ce, wannan hanyar ta fi kusa da vielle fiye da abin da nake yi. Ban zo in rushe ta ba.

To don me yatsu? Don zaɓi. Gashin dinya ba ya tambaya, duk abin da ya tarar sharewa yake. Yatsa kuwa yana iya cewa wannan zan taɓa, wannan zan bari, wannan da ƙarfi, wannan a hankali. Wani Bature ɗan Ingila, Roger Nicholson, shi ya nuna wa mutane da faifansa na 1972 cewa dalsima tana iya magana a tsanake, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Kuma Faransa ba rawa kaɗai gare ta ba. Akwai waƙoƙin juyayi masu dogon labari, akwai na Kirsimeti na ƙauye, akwai wani kiɗa mai jan rai da masu cabrette ke kira regret. Waɗannan in ka share su da gashi ka tattake su.

Bari in nuna muku hannun dama, don a nan masu jita ke faɗuwa. A jita babban yatsa ne mai kula da babbar tsirkiya. A nan an juya abin. Tsirkiyar waƙa ita ce ta kusa da cikina, babbar tana can nesa wajen gwiwa. Saboda haka babban yatsa shi ke waƙa, yana turawa waje. Manuni yana kan ta tsakiya, yatsan tsakiya yana kan babbar, su biyun suna jawowa ciki. Na fi wata uku hannuna yana yi mini gardama a kan wannan. Farce kuma kaɗan ake bari, ya ɗan leƙo bayan tsoka, in ya yi tsawo sai amon ya yi ƙarfe-ƙarfe. Yawancin dalsimar kasuwa da tsirkiya huɗu take zuwa, ta waƙar tagwaye ce. Ni cire ɗaya na yi, don babban yatsa yana sarƙewa tsakaninsu. In kana son amo mai kaifi ka taɓa can ƙasa inda aka rarake doron, in mai taushi kake so ka matso tsakiya. Shi ke nan maganar hannun dama, sauran sai zama da ita.

Ɗauri kuma. Wanda na yi yanzu shi ne Re, La, La, a sunayen amo irin na do, re, mi, Amurkawa su rubuta DAA. Babbar a Re, sauran biyun a La. A wannan ɗaurin, gidan waƙa, wato amon da take komawa ta huta, yana mataki na 3, ba a tsirkiya sake ba, wadda ba a danna ba. Kada ku raina wannan, don yana nufin kana da amo uku a ƙasan gida, kuma waƙoƙin Faransa suna son sauka can. Ga misalin da duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya sani, mushe, wato malamin aji, ya sa mu rera shi har muka gaji: "Au clair de la lune". Tunda ma ana naɗar muryata, ita ce waƙar da Édouard-Léon Scott de Martinville ya zana amonta a kan takarda mai baƙin hayaƙi ranar 9 ga Afrilu 1860, ba a samu jin ta ba sai 2008. Allah ya sa tawa kada ta jira haka. [dariya]

Ga matakan: 3, 3, 3, 4, 5, 4, sannan 3, 5, 4, 4, 3. [ya kaɗa] Kun gane ta. Yatsan tsakiya yana taɓa babbar a farkon kowace gaɓa, wato kowane rukunin bugu, manuni yana cike gurbi inda waƙa ta ja numfashi. Lafiya lau, kowa na zaune da kowa. Yanzu kashi na biyu: 4, 4, 4, 4, 1, 1, sannan 4, 3, 2, 1, sake. Kun ga ta gangaro har ƙasa, ta ƙare a tsirkiya sake, ba ta bar layi ɗaya ba. Amma ku ji abin da ke faruwa in na bar babbar tana kuka a ƙarƙashin mataki na 4 da na 2. [ya kaɗa] Akwai ɗan gogayya, ko? Kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya. Mi da Re maƙwabta ne, ba sa son zama tare. Yanzu in ɗauke yatsa daga babbar, in bar ta tsakiya kaɗai. [ya kaɗa] Sai ka ji an buɗe taga.

Wannan shi ne abin da yatsu ke ba ka, kuma a nan tarkon yake. Da na gano ina iya kauce wa gogayyar, sai na shiga kauce mata ko'ina. Duk inda amo biyu suka ɗan harari juna sai in raba su. Kiɗan ya yi sumul, ya yi tsabta, ya zama lami. Mai salka ba shi da wannan zaɓin, amon gindinsa na nan ko waƙa ta so ko ta ƙi, kuma waɗanda suka ƙago waƙoƙin da wannan gogayyar a kunnensu suka ƙago su. Waƙa ta bar gida, ta matsu, ta dawo, ka ji sanyi. In ba ta matsu ba, dawowar ba ta da daɗi. Yanzu abin da nake yi, zagaye na farko in buɗe tagar, na biyu in bar kishiyoyin su yi abinsu. Ra'ayina ne, wani zai yi akasin haka.

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha, don ta fi duk wannan bayani amfani.

Rawar Auvergne ita ce bourrée mai taku uku. A Berry da Bourbonnais an fi yin mai taku biyu, amma ta dutse uku ce, da sauri. Masu rawa suna fuskantar juna, su matso, su ja baya, su gitta, hannu a sama, ba mai taɓa wani. Na koyi guda uku daga takarda. Na zauna na yi musu ado: babbar tsirkiya a bugu na ɗaya, ta tsakiya a na biyu da na uku, dum, ca, ca, dum, ca, ca. Hannun hagu yana canza haɗin amo a kowace gaɓa kamar mai piyano. Ni a raina na gama da Auvergne. Wani abokin aikina ya kai ni ƙauyensu a Cantal, ana ɗan biki a zauren gari, ya ce wa mutane ga baƙo zai kaɗa. Aka sa mini lasifika. Na fara. Mutum shida suka tashi, suka yi taku kaɗan, suka dubi juna. Biyu suka rungumi juna suka shiga juyi, wato sun ji valse, rawar juyi ta mutum biyu. Sauran suka koma suka zauna. Da na gama aka tafa mini, irin tafin da ake yi wa yaro in ya yi harda da kuskure. Sai wata tsohuwa, ta kai tamanin, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗana, kiɗanka da daɗi. In na zo mutuwa a kira ka." [dariya]

Wallahi daren nan ban yi barci ba. Washegari mijinta, wanda ya yi busar cabrette a ƙuruciyarsa, ya zaunar da ni a kicin. Bai ce in ɗauko dalsima ba. Ya ce in ajiye ta, in zauna a bakin kujera, in buga ƙafa. Shi yana rera waƙar da baki, tra la la, ƙafafunsa biyu suna aiki a kan daɓen katako. Masu cabrette da can a zaune suke busa, ƙafa na bugu, wasu har da ƙararrawa a idon sawu. Sai na ji abin da takarda ba ta gaya mini ba. Valse tana zama a kan bugu na ɗaya, ta huta, ta juya. Bourrée ba ta zama. Na ɗayan tura ka yake gaba, na biyun kusan ba a jin sa, na ukun yana ɗaga ka ya jefa cikin gaɓa ta gaba. Ni kuwa na dasa mata turaku uku a kowace gaɓa, na ɗaure ta kamar akuya.

Sai ya gaya mini wani abin da ya juya mini tunani. Cabrette tana da bututu biyu a gaba, na waƙa da na rakiya, kuma da zugazugi ake ba ta iska kamar na maƙera, ba da baki ba. Mutanen Auvergne da suka yi ci-rani a Paris, masu sayar da gawayi da ruwa, a hannunsu ta zama yadda take, a gidajen rawarsu na unguwar Bastille, inda Antoine Bouscatel ya yi sarautar busa. To da yawa daga cikinsu toshe bututun rakiyar suke yi, ba ya kuka ko kaɗan. Amon gindin da kake ji, yatsu ne ke ƙirƙirar sa: tsakanin amon waƙa da mai bi masa, sai mai busa ya koma kan amon ƙasa na ƙiftawar ido, ya dawo. Suna ce wa wannan rappel, wato tuni. Kunne yana jin ɗigo-ɗigon nan sai ya haɗa su da kansa ya mai da su layi.

Jama'a, wannan ai maganar dalsima ce. Ba sai na riƙe amon gindi da rai kullum ba, tuni kawai zan riƙa yi wa kunne. Na koma gida na zubar da duk adon. Hannun hagu ya daina canza haɗi, ya koma tsirkiya ɗaya. Babbar tsirkiya sau ɗaya a gaɓa, wani lokaci ma sau ɗaya a gaɓa biyu. Manuni yana ɗan tsinkar ta tsakiya a bugu na uku, gajere, kamar haushin karen vielle. Inda waƙa ke gudu, ba kowane amo nake taɓawa da dama ba: in taɓa ɗaya, in sari na gaba da yatsan hagu, ko in fizge yatsa ya ba da na ƙasa. Haka take samun santsi. Ku ji ta farko yadda na yi a zauren nan. [ya kaɗa] Yanzu ku ji ta biyu, ku kuma dubi ƙafata. [ya kaɗa] Alhaji, na ga kai ma taka tana motsi, kada ka ɓoye. [dariya] Abin da na taɓa a ta biyun bai kai rabin na farkon ba.

Tun daga ranar ban ƙara koyon kiɗan rawa da hannu a farko ba. Ƙafa tukuna, sannan baki, sannan yatsa.

Mu leƙa Bretagne kafin lokaci ya ƙure. Bretagne ta yammacin Faransa nake nufi, ba Birtaniyar Ingila ba. Su ma harshensu daban ne, ba Faransanci ba, kamar yadda tsofaffin waƙoƙin Auvergne da harshen Occitan aka yi su. Wannan suna "kiɗan gargajiyar Faransa" buhu ne aka zuba hatsi iri-iri. A can makaɗa bibbiyu suke tafiya: mai biniou da mai bombarde. Bombarde ƙanwar algaita ce sak, bakinta iri ɗaya, ƙararta ma haka. Tana cin numfashi, saboda haka mai ita ya busa layi ɗaya ya huta, mai biniou ya maimaita, shi ba ya tsayawa. Mawaƙansu ma haka suke, kan ha diskan, waƙa da amshi, mai amshi yana shigowa tun kafin na farko ya rufe baki don kada rawa ta sami giɓi. Taron rawarsu na dare, fest-noz, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2012.

Don wannan sai in canza ɗauri. [yana murza kunnen dalsima] Ku yi haƙuri, mai dalsima rabin rayuwarsa a nan take tafiya. Na ja tsirkiyar waƙa sama zuwa Re, ya zama Re, La, Re. Yanzu ta kusa da ta nesa amo ɗaya suke faɗa, ɗaya da muryar ɗa, ɗaya da muryar uba. Duk matakin da na taka a wannan, in na taka shi a waccan waƙa ɗaya ce. Kun ga na sami makaɗa biyu a cinya ɗaya: babban yatsa ya yi kira a sama, yatsan tsakiya ya amsa a ƙasa, ta tsakiyar tana tsaye tana yi musu gindi. Amo biyu na ƙarshen kowane layi kuma in taɓa su tare, shi ne shigowar mai amshi. A wannan ɗaurin ne ake bukatar ɗan ƙarin matakin nan da ke tsakanin na 6 da na 7, wanda ake kira shida da rabi. Tsofaffin dalsima ba su da shi. Waƙoƙin Bretagne da yawa masu duhu ne, masu juyayi, to sai in ɗaura ɗan matsin nan, kafo, a mataki na 1, komai ya koma Mi, Si, Mi. Wanda ba shi da kafo ya sassauta tsirkiyar waƙa zuwa Do, gida ya koma mataki na 1, ko zuwa Sol, gida ya koma na 4. Duhun nasu ba iri ɗaya ba ne, na Sol ɗin yana da ɗan haske a sama, kuma shi ya fi yi mini kama da tsofaffin waƙoƙin ƙasar nan.

Wanda ke son koyo, roƙona ɗaya: kada ya fara da takarda kamar yadda na yi. Tun 1852 gwamnatin Faransa ta ba da umarnin a tattara waƙoƙin jama'a, aka cika kundaye. Amma masu rubutun 'yan birni ne masu kunnen piyano, abin da bai shiga layi biyar ɗinsu na rubuta kiɗa ba sau da yawa gyara shi suke yi. Muryoyin suna nan. Ferdinand Brunot ya zaga Berry da Limousin da na'urar naɗar murya a 1913. A Bretagne ƙungiyar Dastum tun 1972 take tara muryoyin tsofaffi. Yau da wayar da ke aljihunka za ka ji da yawa daga ciki. Ka ji tsohuwa tana rerawa ba kiɗa, murya na rawa, amma takun bai kuskure ba.

Malam shugaba yana nuna mini agogo. A karɓi tambaya biyu.

[Wani dattijo ya tambaya ko ana iya kaɗa waƙoƙin Hausa da ita.]

Ranka ya daɗe, na gwada. Suna hawa, don yawancin namu amo biyar ne, duk suna cikin bakwai ɗin nan. Amma da ka ji ka san an sa wa ɗan ƙauye kwat. Goge ba shi da matakai, yatsa yana sauka inda kunne ya ce, wani amon yana tsakanin matakai biyu nawa. Ƙarfen nan kuwa an kafe shi, ba ya jin lallashi. Kuma ba namu kaɗai ba ne, Baba. Tsofaffin mawaƙan Bretagne da Limousin su ma suna da amon da ke faɗawa tsakani. Abin da nake iyawa shi ne in ɗan tura tsirkiyar gefe ta ɗaga kaɗan. Rabin magani ne.

[Wata ɗaliba ta tambaya inda ake samunta, da ko kafinta zai iya yin ta.]

Ƙanwata, zai iya. A Amurka har ta kwali ake yi wa 'yan makaranta, doron kaɗai ne katako, kuma tana magana. Abin da ba ya son wasa shi ne wurin matakai. Ki auna tsirkiya daga matashi zuwa matashi, wato 'yan katakon da take hawa a kai da ƙasa, a ce santimita 69. Mataki na 7 yana daidai rabi, 34.5. Na 4 yana wajen kashi ɗaya cikin uku, 23. Na 3 yana wajen kashi ɗaya cikin huɗu, 17 da ɗan ɗoriya. Sauran akwai lissafinsu, ki same ni bayan an tashi in rubuta miki. In kafinta ya kuskure da kaurin ƙwayar shinkafa biyu, kunne zai kama shi.

To, saura minti biyar, kuma ba zan bar ku a zaune ba bayan duk abin da na faɗa. A ture kujerun nan baya. Wannan rawar sunanta an dro, daga yankin Vannes. Layi ake yi, kowa ya saƙala ƙaramin yatsansa a na maƙwabcinsa. Hajiya, na ga kallon da kike yi mini: maza layinsu daban, mata nasu daban. [dariya] Zuwa hagu ake tafiya. Hagu, dama, hagu, sannan a tsaya wuri ɗaya, dama, hagu, dama. Ƙananan taku, kada a ɗaga ƙafa sama. A'a Malam, ɗaya hagun. Yawwa. Ku fara ba ni takun tukuna in ji shi a daɓe, sai in shigo. Hagu, dama, hagu...